Mundayen Hajara Sun Tafi Bakin Teku

Alkasum taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da damar in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Maƙerin azurfa ne a Amarewat, cikin tsohon garin Agadas, a zauren da ubansa ya yi ƙira har ya bar duniya. Ni Habsa, kitso nake yi da gyaran amare, aikin matan gidanmu tun kaka da kakanni. Shi ke ƙerawa, ni ke rataya wa ƴaƴan mutane a wuya. Tun muna yara ba ma iya zama tabarma ɗaya ba mu tsokani juna ba, ga shi har furfura ta riske mu a haka.

Mutum ne dogo, mai sanyin magana, wanda in ka tambaye shi hanya sai ya fara tambayarka lafiyar gida. Bai iya iyo ba. Babban ruwan da ya sani har ya yi aure shi ne korin Telwa, rafin da ke gefen garinmu, in ya kawo da damina, shi ma daga nesa yake kallonsa, riƙe da takalmansa. Amma yau duk unguwarmu babu wanda ya kai shi sanin bakin teku: inda yashi ke fari, inda igiyar ruwa ke jan mutum, inda ɗakin haya ke da arha, inda anasara ke yawa a watannin sanyi. Ni na raɗa masa suna Sarkin Ruwa, sunan kuma ya bi shi.

A da ba sai ya je ko'ina ba, anasara ne ke zuwa. Da sanyi ya shigo sai jirgi ya riƙa sauke su, su naɗa rawani a karkace, su hau hasumiyar masallaci suna haki, su sauko su faɗo zauren Alkasum. Zama suke yi sosai. Su sha shayi na fari, na biyu, na uku, suna kallon yadda yake siffanta abu da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ya fasa yumɓun abin wuya ya fito, sai ka ga tsohuwar banasariya tana tafi kamar yarinya. Da wuya su fita hannu rabbana.

Sai tawaye ya zo, bayansa aka shiga sace anasara a jeji, jirgin ya daina sauka. Maƙera suka yi ta jira, shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa. Matan gari na sayen azurfa, amma ba kullum ake aure ba, ƴan mata kuma sun koma son zinariya ko mai kama da ita. Daga nan ne masu ƙarfin hali suka ce tunda baƙi sun koma hutu a bakin teku, a bi su can. Alkasum na cikin na ƙarshe da suka yarda.

Tafiya irin wannan da kaya ake yin ta, kaya kuwa sai da azurfa, azurfar kuma ba ta hannunsa. Tana cikin adakar matarsa Hajara. Hajara ƴar In-Gall ce, mace mai kawaici, wadda in ranta ya ɓaci sai ta ɗauki tsintsiya. Ta zo gidan da azurfa ta gani ta faɗa: zobba, ƴan kunne, sarƙoƙi, da mundaye biyu masu nauyi na uwarta, waɗanda ita ma uwar ta gada daga tata uwar. A danginsu, ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, uwa ce ke zare mundayen daga hannunta a gaban mata ta sa wa ɗiyarta. Ɗiya ɗaya Allah ya ba Hajara bayan maza, Maimuna. Da Alkasum ya zo yana kame-kame, ta buɗe adakar ta ce ya ɗauki abin da zai ishe shi, amma mundaye ba nata ba ne balle ta ba shi, na Maimuna ne. Ya rantse ko yunwa za ta kashe shi ba zai taɓa su ba, sauran kuma da kasuwa ta buɗe zai ƙera mata waɗanda suka fi su. Ina wurin, na ce masa ya riƙa rage rantsuwa.

Da damina ta ɗauke sai zauren ya cika da maƙera, ana zaɓen inda za a yi sezon, wato watannin da anasara ke fitowa hutu. Butar shayi na kan gawayi, kowa da salula a kunne yana sauraren saƙon wani ɗan'uwa da ke Kwatano ko Lome ko Abijan. Wannan ya ce can akwai otel-otel amma ana korar masu talla, wancan ya ce can babu kora amma babu kowa. Ni daga cikin gida nake jin su ina kitso, mutanen da rabinsu ba su taɓa ganin kifi da rai ba, suna ta gardama a kan teku.

Zaɓen Alkasum na farko Grand-Popo ne, a ƙasar Benin, kuma da hankalinsa ya zaɓa. Ya ce ya san anasara ciki da bai, mutane ne masu son shiru, shi ya sa suke biya a kai su tsakiyar hamadar Tenere su kwana inda ko tsuntsu babu. Saboda haka ya nemi bakin tekun da ya fi ko'ina shiru. Ya same shi kuwa. Ya kuma kama ɗaki dab da ruwa, don a wurin ɗan Agadas kusa da ruwa shi ne wurin manya, har yana mamakin yadda mai gidan ya ba shi da arha.

Kafin mako ya zagayo kayansa duk sun yi baƙi. Gishirinmu na Bilma yana zaune a kantunsa sai ka je gare shi, na can kuwa a iska yake yawo, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga jaka. Kullum da safe sai ya zauna da lemun tsami da toka yana goge abin da ya goge jiya. Ga kuma abin da babu wanda ya gaya masa tun a zaure, cewa anasaran teku ba su ne anasaran jeji ba. Waɗannan a kwance suke, ido rufe, jiki duk mai, da ɗan ƙyalle a ƙugu wanda ko aljihu ba shi da shi. Dattijo da rawaninsa ya tsuguna ya kwance ƙunshi, ya kawar da kai don kunya, a ɗaga masa hannu ko ido ba a buɗe ba. Da ya dawo yana ba mu labari na yi dariya har da hawaye. Hajara ba ta yi ba, don ƴan kunnenta ne aka yi wa wannan ɗaga hannun.

Shekara ta gaba ya sake dabara. Ya ce zai yi yadda makiyaya ke yi, ya bi labarin inda aka samu. Bara an samu a Grand-Bassam, kusa da Abijan, sai ya nufi can. Abin da ya manta, duk maƙerin da ke da kunne ya ji wannan labarin. Ya tarar da ƴan Agadas jere a kan yashi, kowa da kaya irin nasa, ana karya wa juna ciniki. Duk da haka nan ne ya ɗan ji daɗi, ya koma ya sake komawa, asirin gida ya rufu, har ya ƙera wa Hajara zobe ɗaya a madadin waɗanda suka tafi. Sai ƴan bindiga suka afka wa bakin tekun suka kashe mutane. Allah ya sa ranar ya shiga birni, amma baƙin suka watse. Ya gwada Lome, ya gwada Gana. Korona ta zo ta rufe duniya, ya maƙale a can watanni yana cin kayan da ya je sayarwa.

Kada a ɗauka malalaci ne ko mai ɓarna. Ba ya taba, ba ya yawon banza, abincinsa a can gari ne da ruwa da ɗan sukari. Da azurfar nan aka ci tuwo, aka kai yara lakwal, wato makarantar boko, aka yi jinyar gwaggota, uwarsa, har ta cika. Amma duk tafiya sai adaka ta ƙara sauƙin ɗauka. Ni da nake yi wa Hajara kitso na ga ranar da kunnenta ya koma da tsinke a huda don kada ta toshe. Mundayen kaɗai suka rage, su kuma ta daina ajiye su, a hannunta suke wuni, a hannunta suke kwana. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda ya fi yawa.

Bayan juyin mulki aka rufe iyakar Benin, hanyar da suka saba bi ta toshe. A tsakanin nan ne aka zo neman auren Maimuna, aka sa biki bayan babbar salla. Wata rana da hantsi na shiga zauren na iske shi shi kaɗai, wuta a mace, yana ta jan hotuna a salula da babban yatsa.

Na ce, "Sarkin Ruwa, bana kuma wace teku za a ci da yaƙi?"

"Zo ki gani, tsohuwa," ya ce. "Wagga Saly ta, ƙasar Senegal. Habibu na can tun bara. Ya ce jirgi kullum shina sauke su, otel-otel kamar unguwa guda. Masu kuɗi na, kuma sun san kaya."

Habibu tsohon abokin ƙirarsa ne, na san halinsa. Na ce, "Habibu ya taɓa zuwa wuri ya ce babu daɗi? Ko rami ya hwaɗa, ce maka zai yi akwai inuwa."

"Sai dai ba a kai musu kayan banza, sai na ƙwarai. Sezon guda ya ishe ni in yi kayan ɗakin yarinya, in maida ma uwatta komi."

"Da mi za ka ƙera na ƙwaran?"

Ya ci gaba da jan hoton. Na ce masa in ya kuskura ya buɗe baki ya roƙi mundayen nan, to ya nemi wata taubashiyar. Ya ce bai roƙa ba, ba zai kuma roƙa ba.

Gaskiya ya faɗa, bai roƙa ba. Zama kawai ya yi ta yi a zaure, a kai masa abinci ya dawo yadda aka kai shi, a yi masa magana ya amsa da kai. Ni a wurina wannan ya fi roƙon baki muni. Hajara ta share tsakar gida, ta share, ta sake sharewa. Ran nan ina cikin tsefe mata kai sai ta miƙe, ta shafa sabulu a hannu don mundayen sun daɗe ba su fita ba, ta murɗa su har suka zame, ta nufi zaure. Na riƙe mata zane.

"Hajara, ki yi wa Allah."

"Yaya Habsa, da mi za a kai ta?" ta ce. "Ɗaki wohi? In ya samu, shi ƙera mata wasu kahin salla. Azurfa ai azurfa ta."

"Ba ke kinka ce ba naki ba ne?"

"Ni na ce."

Ta zare zanenta daga hannuna ta wuce.

Kafin ya narka su sai da ya danna kowace a cikin yumɓu ya ɗauki siffarta, har da ƴan zanen da suka shafe saboda daɗewa, ya ajiye can sama inda hannun kowa ba ya kaiwa. Na tsaya na ga mundayen nan sun zama ruwa a kasko. Daga cikinsu ya fitar da ƙananan abin wuya da zobba. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin hannunsa ya faɗa haka ba, kuma bakina ya ƙi yaba masa.

Tafiyar Saly doguwa ce, a sauka daga wannan mota a hau waccan, shinge bayan shinge, kowane shinge da abin da ake bari. Wannan karon ya yi wayo. Ya kama ɗaki can cikin gari nesa da ruwa, ya naɗe kowane abu shi kaɗai a cikin leda, kayan ba su yi baƙi ba. Habibu ma bai yi ƙarya ba, anasara na nan birjik. Sai dai a bayan katanga suke. Sun biya komai tun daga ƙasarsu, ci da sha da kwana, an ɗaura musu wani abu a hannu don shaida, babu abin da zai fito da su. Gaban kowane otel da masu gadi, mai talla iyakarsa inda ƙafa ke jiƙewa. A ciki kuma akwai butik mai sayar da irin abin wuyanmu, aikin inji, mai walƙiya, wanda ba ya baƙi don ba azurfa ba ne.

Ya yi ta sintiri a gefen ruwan da wando a nannaɗe. Ya sayar, ba a ce bai sayar ba. Amma da sezon ya zo ƙarshe fiye da rabin kayan na cikin jaka, wani mai butik ya ɗora su a ma'auni ya saya da nauyi, kamar babu wanda ya ɓata idonsa a kansu.

Ya dawo a rame, da tari. Abin da ya kawo ya yi gado da katifa da kwanoni da abincin biki. Da ya je sayen azurfa ya iske ta yi tsadar da bai taɓa ji ba, abin da ya rage a hannunsa ko rabin munduwa ɗaya ba zai yi ba.

Ana saura ƴan kwanaki biki ya sa aka kira ni. Rana tsaka, amma zauren a rufe. Ya buɗe tsumma, sai ga mundaye biyu. Wallahi da ido ba ka rabewa, har ƴar lotsawar da ke gefen ɗaya ya fito da ita. Na ɗauka. Hannuna ya ɗauki azurfar amare fiye da yadda zan iya tunawa, tun kafin in ɗaga su sosai na san abin da nake riƙe da shi. Farin ƙarfe ne, ya yi masa ruwan azurfa da ɗan abin da ya samu.

Ya ce, "Za su wuce?"

"Ga anasara za su wuce."

"Ga Kadidia hwa?"

Kadidia gwaggon ango ce, ita za ta karɓi amarya, ita ma ɗiyar maƙera ce, kuma ta girme mu duka. Na ce masa ya fi sauƙi a faɗa wa mutane gaskiya, babu wanda bai san halin da ake ciki ba. Ya ce shi ya iya ɗaukar kunya, ya saba da ita a bakin teku, amma ba zai iya barin Hajara ta tsaya gaban mata hannu wayam ba.

"Yarinya kuma kada ta sani," ya ce. "Bari ta tahi da murnarta. In na samu sai in musanya su, ba ta ji ba, ba ta gani ba."

Na buɗe baki in tambaye shi a wace tekun zai samu, na fasa. Tun daga ranar ban sake tsokanarsa ba.

Ranar kai amarya da la'asar ɗaki ya cika da mata, turaren wuta ya turnuƙe. Na gama kitso, na naɗa wa Maimuna zane. Hajara ta zo ta tsuguna gaban ɗiyarta ta zare mundayen, suka fita ba gardama, ta sa mata. Aka rangaɗa guɗa. Kadidia ta matso kamar yadda aka saba, ta kama hannun amarya tana juyawa. Na ga babban yatsanta ya tsaya. Ta ɗan ɗaga hannun, ta sauke. Guɗar ta mutu a bakin mai yi, don matan da ke ɗakin ba yara ba ne.

Hajara ba ta sunkuyar da kai ba. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ko cikin wasa, ta dubi Kadidia ido cikin ido ta ce, "Na innata na. Ita ma na tata innar na."

Kadidia ta daɗe tana kallonta. Can ta ce, "Na san su. Na gan su hannunta In-Gall. Allah shi sa albarka."

Aka amsa da amin mai ƙarfi fiye da kima. Ni fita na yi, don ba na so in yi kuka a ɗakin amarya tun ba a kai wurin kuka ba. Alkasum na zaure yana jira. Na ce masa sun wuce. Bai tambayi Kadidia ba, fuskar Maimuna ya tambaya. Na ce tana ta shafa su. Ya yi hamdala, ya ce to shi wannan kaɗai yake so.

Bayan mako na je gidan amarya in sake mata kitso, ana zafi mai tsanani. Ta ɗora kai a cinyata, hannunta a kan gwiwata. Sai na ga ta naɗe cikin kowace munduwa da siririyar fata, ɗinki mai kyau irin na gidanmu. Na tura ɗaya sama. Ƙarƙashinta wuyan hannun ya yi kore, da ƴan ƙuraje a jere. Mu duka mun manta ɗiyar wa ce.

Ta mayar da munduwar wurinta ba ta ɗago kai ba.

"Tun da Inna ta sa mini na ji nauyinsu," ta ce. "Gwaggo, don Allah kada ki hwaɗa ma Baba. Shi tsammani shikai ban gane ba."

Na ce ba zan faɗa ba. Na ja tsagar kitson ta karkace, na goge idona da gefen zane na sake ja.